Shekara Biyu a Gidan Tsohuwar da Ba Ta Ƙirga Lada

A watan Satumba na shekarar 2022 na sauka a birnin Manchesta na ƙasar Ingila, ina da shekara talatin da takwas a duniya, na baro 'ya'yana uku a Zariya a hannun mahaifiyata. A farkon wannan shekarar ne gwamnatin Birtaniya ta buɗe ƙofar biza ga masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya, kuma da yake na daɗe ina aikin jinya tun kafin rasuwar maigidana, sai na nema, Allah ya nufa na samu. Bayan mako biyu na horo, kamfanin da ya ɗauke ni ya tura ni wani gida a unguwar Prestwich, aka kuma shaida mini cewa tsohuwar da zan riƙa kwana da ita Bayahudiya ce mai riƙo da addininta ƙwarai. Manchesta ce ta biyu bayan Landan wajen yawan Yahudawa a Birtaniya, amma ni a lokacin ban taɓa ganin Bayahude ido da ido ba. Abin da na sani game da su bai wuce abin da nake ji a wurin tafsiri da labaran rediyo ba, kuma a daren da aka gaya mini barci bai ɗauke ni ba sai gab da asuba.

Tsohuwar tana da shekara casa'in, ta karye a ƙugu, ba ta iya tashi sai an tallafe ta, amma hankalinta garau yake. An haife ta a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, kuma a shekarar 1939, tana da shekara bakwai, iyayenta suka sa ta a jirgin ƙasa tare da wasu yara, cikin kusan yara dubu goma da Birtaniya ta karɓa ba tare da iyayensu ba kafin ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu. Wani gida na Yahudawa a Manchesta ne ya riƙe ta. Ba ta sake ganin uwa ko uba ba. Tun ranar farko na kira ta Mama, domin bakina ba zai iya ambatar sunan sa'ar kakata kai tsaye ba, ita kuma ta amsa, daga baya ma ta riƙa ce mini 'yata.

Karatuna na farko a kicin aka yi mini shi. Wurin wanke-wanke biyu ne, tukwane kashi biyu, cokula da wuƙaƙe kashi biyu, masu jan mariƙi na nama, masu shuɗin mariƙi na madara, kuma ba sa haɗuwa ko a wajen wanki. Idan Mama ta ci nama sai ta jira sa'o'i kafin ta sha shayi mai madara. A sati na biyu na manta, na ɗauki cokalin nama na juya mata shayi mai zafi da madara a ciki, na kuma gaya mata da kaina da na lura. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai ce in ajiye cokalin gefe guda, da ɗanta ya zo ya tsoma shi a tafasasshen ruwa bisa ƙa'idarsu kafin ya koma cikin 'yan'uwansa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar Asabar, ranar hutunsu ta ibada, wadda a wurinsu take farawa tun yammacin Juma'a. A watan Disamba rana kan faɗi a Manchesta kafin ƙarfe huɗu, don haka tun hantsi ake gama girki, a ɗora abinci a kan farantin lantarki mai riƙe zafi, a saita fitilu a kan agogon da zai kashe su da kansa. Minti goma sha takwas kafin faɗuwar rana zan tura kekenta zuwa gaban tebur, ta jefa 'yan tsabar kuɗi a akwatin sadaka, ta ƙyasta ashana da hannun da ke rawa, wani lokaci sai a karo na huɗu take kamawa, ta kunna kyandirori, ta rufe fuskarta da tafukanta tana addu'a. Daga nan har taurari uku su bayyana bayan faɗuwar rana ta Asabar ba ta taɓa waya, ba ta rubutu, ba ta kunna komai, kuma ko ni ba ta umartata in kunna mata wani abu sai idan lafiyarta ce ta buƙata.

Ni kuwa na tashi ne a gidan da ake ƙirga lada kamar yadda ake ƙirga damman hatsi a rumbu. A Islamiyya an koya mana cewa sallar jam'i ta fi ta mutum ɗaya da daraja ashirin da bakwai, kowane harafi na Alƙur'ani yana da lada goma, daren Lailatul Ƙadri ya fi wata dubu. Idan yarinya ta ɗebo wa tsohuwa ruwa, abin da za ta ji shi ne Allah ya ba da lada, Allah ya sa a mizani. Saboda haka wata Juma'a, da na ga wahalar da Mama ta sha kafin ashanar ta kama, zuciyata ta karye, bayan ta buɗe fuskarta na ce mata, “Mama, Allah ya saka miki da ladan wannan wahala a lahira.” Ta dube ni na ɗan lokaci, sannan ta ce, “Na gode, 'yata, amma ban taɓa kunna kyandir ina tunanin lahira ba. Yau Juma'a ce, rana ta kusa faɗuwa, an umarce mu da mu kunna, kuma haka na ga mahaifiyata tana yi.” Na tambaye ta ko ba ta yarda akwai tashi bayan mutuwa ba ne. Ta ce tana faɗar addu'o'in kamar yadda aka koya mata, abin da ke bayan ƙofar kuma ta bar wa Mai ƙofar.

A daren na buga wa mahaifiyata waya na ce mata ashe Yahudawa ba su da lahira a addininsu. Na yi kuskure, kuma ɗan Mama ne ya gyara mini. Dattijo ne mai kusan shekara sittin da biyar, ya yi ritaya daga koyarwa, kowace rana yana zuwa majami'arsu safe da yamma, daga can ya biyo ya duba mahaifiyarsa. Da na sami ƙarfin halin yi masa tambayar, sai ya ɗauko littafin addu'o'insu mai fassarar Turanci ya nuna mini addu'ar da suke yi a tsaye sau uku a kowace rana, inda sashe na biyu yake yabon Allah da cewa shi ne mai rayar da matattu. Ya ce a cikin Mishna, wato kundin dokokinsu da aka tattara wajajen shekara ta 200 miladiyya, an rubuta cewa dukan Isra'ila suna da rabo a duniya mai zuwa, kuma daga cikin waɗanda aka cire daga wannan rabo akwai wanda ya musanta tashin matattu. Ya ƙara da wata magana ta malamansu na da wadda na ji kamar a ƙofar gidanmu aka yi ta, cewa duniyar nan zaure ce kafin a shiga cikin gida, mutum ya kintsa a zaure domin ya cancanci shiga. Shi kansa, in ji shi, ya yi imani da wannan ba tare da kokwanto ba.

Sai na ce masa, “To, malam, in haka ne, me ya sa Mama ta ba ni waccan amsa?” Ya ce amsar mahaifiyarsa ba sabuwa ba ce, ta girmi shekara dubu biyu. A cikin wannan Mishna ɗin dai akwai maganar wani malami mai suna Antigonus na garin Soko, wanda ya ce kada ku zama kamar bayin da ke yi wa ubangidansu hidima domin a biya su, ku zama kamar bayin da ke hidima ba domin a biya su ba, tsoron Allah kuma ya kasance a kanku. Wani malamin ya ce ladan cika umarni shi ne wani umarnin da zai biyo baya. Ya bayyana mini cewa a lissafin malamansu umarnin Attaura 613 ne, 248 na aikatawa da 365 na hani, kuma abin da ya ɗora su a wuyan Bayahude shi ne alkawarin da aka ƙulla a Dutsen Sina'i, inda jama'a suka amsa wa Annabi Musa da cewa za mu aikata kuma za mu ji, suka gabatar da aikatawa a kan ji. Wanda ya ɗauki alkawari, in ji shi, ba ya tambayar nawa za a biya shi kowace safiya kafin ya cika.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da ya ce in duba littattafai biyar na Attaura da ke hannunsu daga farko zuwa ƙarshe, ba zan sami siffar Aljanna ko ta wuta ba. Sakamakon da aka ambata a fili a can na duniya ne. A cikin ayoyin da suke karantawa safe da dare an ce idan suka yi biyayya za a saukar musu da ruwan sama a kan kari, na farkon damina da na ƙarshenta, su tara hatsi da mai, dabbobinsu su sami ciyawa, idan kuma suka bijire za a rufe sama ƙasa ta hana amfaninta. Bayani ƙarara a kan tashin matattu sai a littafin Daniyel, babi na 12, inda aka ce da yawa daga masu barci a cikin ƙasa za su farka, wasu zuwa rai na har abada, wasu zuwa kunya. Saboda wannan ne a zamanin da Haikalinsu na biyu yake tsaye a Kudus, kafin Rumawa su rushe shi a shekara ta 70, aka sami ɓangarori biyu, Farisiyawa da suka tabbatar da tashin matattu da Sadukiyawa da suka musanta shi, alhali dukansu suna kiyaye Asabar suna kai hadaya. Ra'ayin Farisiyawa ne ya yi rinjaye, daga gare su malaman yau suka gaji addinin, amma tarihi ya riga ya nuna cewa an yi mutanen da suka ɗauki nauyin dokar ba tare da wannan aƙida ba.

Akwai wani misali da ya ba ni wanda har yau nake juya shi a raina, na babban malaminsu Musa bin Maimun, wanda aka haifa a Ƙurɗuba ta Andalus, ya yi aikin likita a Masar a zamanin Salahuddin, ya rasu a 1204, ya kuma rubuta da yawa daga cikin littattafansa da Larabci. Shi ne ya jera ginshiƙan aƙida goma sha uku, ya sa sakamako da azaba a cikinsu, ya rufe da tashin matattu. Amma a cikin wannan rubutun da ya jera su, ya kawo misalin yaro ƙarami da aka kai makaranta, wanda bai san darajar karatu ba, sai malami ya ce masa yi karatu in ba ka gyaɗar itace da ɓaure da zuma. Da ya ɗan girma ya raina kayan zaƙi sai a ce za a saya masa takalmi da riga, daga baya a yi masa alkawarin dinari, daga baya kuma a ce yi karatu ka zama malami mutane su riƙa miƙe maka. Duk waɗannan, a cewarsa, dabara ce ta jan yaro har ya kai ranar da zai so gaskiya domin ita gaskiya ce. Nan take na tuna da dafaffen ƙwai da ake ba yaranmu ranar da suka kai wata sura a makarantar allo, da yadda babu malamin da ke fatan ɗalibinsa ya yi furfura yana karatu saboda ƙwai.

Mutum na uku a wannan gida ita ce jikar Mama, likita mai kimanin shekaruna, wadda muka shaƙu da ita saboda aikinmu ɗaya ne. Ita ta gaya mini ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa ba ta da tabbacin akwai wani abu bayan mutuwa, kuma ta fi karkata ga cewa babu. Duk da haka kicin ɗinta kashi biyu ne kamar na kakarta, tana azumin sa'a ashirin da biyar na ranar Yom Kippur, wato babbar ranarsu ta neman gafara, kuma ba ta shiga mota ranar Asabar sai idan ran mara lafiya ne ya kira ta, domin a dokarsu ceton rai yana gaba da hutun Asabar. Ta ambata mini wani masani na Kudus mai suna Yeshayahu Leibowitz, wanda ya rasu a 1994, mai tsananin kiyaye dokokin addini, wanda yake ganin cewa duk mai bauta domin samun wani abu kansa yake bauta wa. Ta kuma ce ɓangaren Yahudawa masu sauye-sauye a Amurka sun fitar da sanarwa a Pittsburgh a 1885 inda suka ajiye aƙidar tashin jiki da ta gidan azaba da gidan ni'ima, suka riƙe dawwamar rai kawai. Mahaifinta ba ya jin daɗin ra'ayinta, na sha jin suna muhawara a falo har murya ta ɗaga. Amma duk lokacin da ta gayyace shi yana cin abincin gidanta ba tare da ɗar-ɗar ba, kuma da na tambaye shi sai ya ce abin da ake dubawa kafin a ci tuwon gidan mutum shi ne yadda yake riƙe da tukwanensa, abin da ke cikin zuciyarsa kuma tsakaninsa da Mahaliccinsa ne.

Ni Musulma ce, imani da ranar lahira ɗaya ne daga cikin shika-shikan imani shida, ban kuwa taɓa jin ra'ayin wannan likita ya girgiza ni ba, na ma gaya mata haka ta saurare ni cikin mutunci. Abin da na shaida da idona shi ne cewa a gida ɗaya na zauna da mutum uku, ɗaya ya tabbatar da lahira, ɗaya ta bar maganarta ga Allah, ɗaya tana shakkarta, amma ranar Juma'a da yamma a minti ɗaya suke ajiye wayoyinsu. Aƙidar sakamako tana nan daram a cikin addininsu, a littattafansu da addu'o'insu, sai dai ba ita ce ginshiƙin da ke ɗauke da rufin ibadarsu ta yau da kullum ba. Abin da ke ɗauke da shi shi ne umarni, da alkawari, da kuma jin cewa mutum ɗaya ne a cikin dogon jerin iyaye da 'ya'ya wanda bai kamata ya yanke a kansa ba.

Na fahimci zurfin wannan a wani dare na hunturu, lokacin da Mama ta sa na ajiye mata kyandir na musamman mai cin sa'a ashirin da huɗu. Ranar goma ga watan Tebet ce a kalandarsu, wadda aka ware domin tunawa da waɗanda aka kashe ba a san ranar mutuwarsu ba, kuma iyayenta suna cikinsu. Ta daɗe tana kallon harshen wutar, sannan ta ce mini mahaifinta bai taɓa karya Asabar ba, mahaifiyarta kuma ba ta taɓa mayar da mai bara hannu wofi ba. Ta ce da a ce riƙon addini ciniki ne na ba ni in ba ka, da ta daina tun ranar da labarinsu ya iso mata bayan yaƙi, amma ita ba ciniki ta gada ba, amana ta gada, kuma muddin tana kunna kyandir to waɗanda suka so a shafe gidan mahaifinta ba su ci nasara ba. Ban sami abin cewa ba, na dai riƙe hannunta har ta yi barci.

A ɗakina na yi ta tunanin kaina. Tun bayan rasuwar maigidana na ƙara yawan nafila da azumin Litinin da Alhamis, amma da na bincika zuciyata sai na tarar kusan kowace raka'a na ɗaura mata buƙata, wannan ta biza, wannan ta kuɗin makarantar yara, wannan ta gidan Aljanna kusa da shi. Addinina bai hana ni kwaɗayin rahama ba, domin a Suratus Sajda Allah ya yabi masu kiransa cikin tsoro da kwaɗayi. Amma a Suratul Insan ya yabi masu ciyarwa suna cewa domin Allah kaɗai muke ciyar da ku, ba ma neman sakayya ko godiya daga gare ku, kuma na tuna addu'ar da ake danganta wa Rabi'atul Adawiyya ta Basra, wadda ta roƙi a hana ta Aljanna idan domin Aljanna take bauta. Tun ina yarinya na san kalmar ikhlasi, na haddace ma'anarta domin jarrabawa, amma sai a gidan wannan tsohuwa na fara tambayar kaina ko na taɓa yin sujada guda wadda ban liƙa mata takardar neman biya ba. Ita ce kuma take duba agogo ta ce mini, “'Yata, lokacin sallarki ya yi, je ki, ni ba inda zan tafi.”

Mama ta rasu a wani daren Talata na watan Nuwamba na 2024, ina zaune a gefenta, ɗanta yana karanta mata kalmar kaɗaita Allah da suke so ta zama ta ƙarshe a kunnen mai mutuwa. Washegari aka binne ta, domin su ma ba sa jinkirta gawa. Wasu mata na ƙungiyar sa kai ta unguwar ne suka yi mata wanka suka sa ta a farin likkafani marar ado, aka sa ta a akwatin katako wanda ba a yi masa fenti ba, 'yan'uwa suka riƙa karɓar shebur ɗaya bayan ɗaya suna zuba ƙasa. Ɗaya daga cikin matan ta gaya mini cewa wannan aiki suna kiransa alheri na gaskiya, saboda wanda aka yi wa ba zai taɓa iya ramawa ba. Aka dawo gida aka fara zaman makoki na kwana bakwai, an rufe madubai, masu makoki suna zaune a kan gajerun kujeru, maza goma ko fiye suna taruwa safe da yamma domin ɗanta ya karanta addu'ar Kaddish. Na roƙi jikar ta nuna mini fassararta, na karanta daga farko zuwa ƙarshe ina neman inda aka ambaci mamaciya ko aka roƙa mata Aljanna, ban samu ba, domin daga farkonta har ƙarshenta girmama sunan Allah ne da roƙon zaman lafiya. Ɗanta ya ce wata goma sha ɗaya zai yi yana karanta ta, saboda a koyarwarsu hukuncin miyagu a Jahannama wata goma sha biyu ne, kuma ɗa ba ya cika sha biyun don kada ya zama ya lissafa mahaifiyarsa cikin miyagu.

Ranar Juma'ar wannan makon ce ranata ta ƙarshe a gidan. Da rana ta yi sanyi aka ɗauke gajerun kujerun, domin ba a bayyana makoki ranar Asabar, aka shimfiɗa farin ƙyalle a tebur aka ajiye burodi biyu a rufe. Na wanke kayan da aka ɓata, na mayar da masu jan mariƙi wurinsu da masu shuɗi wurinsu, na goge sandunan kyandir na azurfa kamar yadda nake yi kowane mako. Kafin ƙarfe huɗu jikar ta zo ta tsaya a daidai inda nake tsayar da keken Mama, ta jefa tsaba a akwatin sadaka, ta ƙyasta ashana, ta kunna, ta rufe fuskarta da tafukanta, kafaɗunta suna rawa. Na jira har ta sauke hannuwanta, muka rungumi juna, sannan na hau sama zuwa ɗakin da Mama ta ware mini, na yi alwala, na shimfiɗa dardumata na tayar da sallar magariba.